Jakar Da Ta Ƙi Tsayuwa

Shafi na 23

Sallamar ma ba ta gama fita daga bakin Madam ba ta dire jakar a kan teburin yanka, tim.

Inna Mai Jaka ba ta ɗago ba. Zare take ja a cikin kakin zuma, ja ɗaya, ja biyu, ja uku, yadda ta saba shekara talatin. Sai da ta gama ta amsa sallamar, sannan ta dubi abin da aka ajiye mata.

Jakarta ce, kuma ba tata ba ce.

Fatar ta fi wadda take saye tsada nesa ba kusa ba, maɓallin kuwa sai ɗaukar ido yake. An lanƙwasa samanta kamar saman ƙofar da ke bayan Inna, ƙofar da ta raba shago da cikin gida, wadda mijinta magini ya gina da hannunsa ya yi mata bakan gizo. Daga wannan ƙofar Inna ta ɗauki siffar jakunkunanta tun tana goyon fari. Sai dai bakan wannan jakar ya kwanta gefe guda, ya langaɓe kamar wuyan kaza mai mura.

A bayan Madam, Auta ce tsaye, katin aiki rataye a wuyanta, idonta a ƙasa. Ita ce mai yi wa kamfanin Madam zane. Ita ce kuma ta zana jakar uwarta ta kai musu, wata biyu bayan rasuwar ubanta, ba ta ce wa kowa uffan ba.

"Mama, ina wuni?" in ji Madam.

"Lafiya lau. Wannan fa? Ciwo take yi?"

Madam ta yi murmushin da bai wuce leɓe ba.

"Shi ya kawo ni. Guda ɗari huɗu ne a ɗakin ajiya, duk haka suka koma. Ranar da aka ɗinka su suna tsaye ƙyam. Kwana uku sai su fara karkata."

"Allah sarki. Allah ya ba su lafiya."

"Mama, ba wasa ya kawo ni ba. Asabar ne bikin buɗe kantin. Na gayyaci manyan mutane, na gayyaci 'yan jarida."

"To ki jingina su da bango mana. Mara lafiya ai jingina shi ake yi."

"Inna..." Auta ta faɗa a hankali.

"Ke kuma ban kai kanki ba tukuna."

Madam ta jawo kujerar da masu saye ke zama, ta kaɗe ta da bayan hannu, ta ɗosana a bakinta.

"Mun sa waya a ciki, ta huda fatar ta fito. Mun sa kwali, ya karye. Na aika an sayo min naki guda biyu, na sa an farke su a gabana, an ƙirga ɗinkin ɗaya bayan ɗaya. Ɗari da goma sha biyu. Namu ma ɗari da goma sha biyu. Zare iri ɗaya, kauri iri ɗaya. To me ya sa taki take tsayuwa shekara da shekaru, tamu ba ta kwana uku?"

Sai yanzu Inna ta ajiye zaren.

"Kin farke min jaka?"

"Da kuɗina na saya."

"Wato kin yanka zakara don ki ga inda yake ɓoye cara. To kin gani?"



Madam ba za ta gani ba, ko jaka dubu ta farke. Ɗinki yana nuna yawansa, amma ba ya faɗin wanne ya riga wanne shiga. Injin kamfani yana kamawa daga dama ne ya zarce hagu, yana jan fatar gefe ɗaya, shi ya sa idan ta sha iska sai ta bi inda aka ja ta. Inna kuwa da allura biyu take ɗinki, fatar da ɗan danshi. Ta kama daga ƙafar dama ta yi uku, ta koma ƙafar hagu ta yi uku, haka take hawa da su tare har su haɗu a tsakiyar sama, a nan ta ƙulle.

Ba wurin wani baduku ta koya ba. Ranar da maigidan yake gina ƙofar nan tana zaune da ciki wata bakwai tana miƙa masa tubali. Ta ga ya sa nan, ya zagaya ya sa can, ya dawo nan. Ta ce da shi, kai kuwa ka gama gefe ɗaya mana ka huta da zirga-zirga. Ya yi dariya ya ce in ya gama gefe ɗaya, wa zai riƙe shi kafin ɗan'uwansa ya iso?

Shekara ashirin da takwas ke nan. Ko tsaga ƙofar ba ta yi ba.

"Faɗi abin da kike so," in ji Madam. "Ki zo kwana uku ki nuna wa ma'aikatana. Mota za ta ɗauke ki ta dawo da ke. Duk abin da kika yanka, ban ce a rage ba."

Inna ta sa yatsa ta ɗaga ɗan katin da ke lilo a hannun jakar, mai rubutun ruwan zinariya.

"Auta. Zo ki karanta min wannan, ke da aka kai makaranta."

"Inna, ba wani abu ba ne, talla ce kawai..."

"Karanta."

Auta ta matso.

"An ce... an samo siffar jakar nan daga tsofaffin gadojin dutse da shugabar kamfani ta gani a tafiye-tafiyenta ƙasashen waje."

"Gada."

Inna ta juya ta dubi ƙofar da ke bayanta, ta dube ta sama da ƙasa.

"Ikon Allah. Shekara ashirin da takwas ina bi ta ƙarƙashinta da bahon wanki, ashe a ƙasar waje nake ban sani ba. Ko fasfo ba wanda ya taɓa tambayata."

"Mama..."

"Baiwar Allah, kin ce in faɗi abin da nake so. Ga shi. Ki cire katin nan. Ki rubuta cewa magini ne ya gina ta a ƙofar gidansa, matarsa ta mayar da ita fata. Ki sa sunansa. Ni ba na faɗin sunan, amma 'yarsa ga ta nan, ta san sunan ubanta, in ba ta manta shi a ofis ba. Ki yi haka, gobe da sassafe ina bakin kamfaninki da allurata, kuma ruwanku ma ba zan sha ba."

Madam ta sauke numfashi, ta gyara zaman agogon hannunta.

"Mama, bari in gaya miki yadda kasuwar nan take. Matan da ke sayen irin wannan jakar ba jaka suke saya ba, labari suke saya. Babu wadda za ta rataya ƙofar bayan shago a kafaɗarta ta shiga taro."

"To ta rataya gadar. Ga ta nan ta kwanta tana jiranta."

A waje wani mai gyaran takalmi yana ta buga gudumarsa.

Madam ta ga hanyar nan ba ta ɓullewa, sai ta sauya murya. Ta buɗe jakar hannunta ta fito da wani ɗan kwali fari.

"Mu bar wannan tukuna. Ban zo hannu rabbana ba. Turarenmu ne, tare da jakar za a fito da shi. Ke ce mutum ta farko a wajen kamfani da za ta ji shi."

"A'a Madam!" Auta ta ɗaga hannu da sauri. "Don Allah kada ki..."

Ta makara.

Kwalbar ma siffar ƙofar ce, da ɗan bakanta a sama. Madam ta danna kanta sau biyu a iska, fis, fis.

Ƙamshin ya daki hancin Inna.

Jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ƙurar siminti. Sabulun wanki mai araha. Can ƙarƙashinsu kuma ɗan turaren nan da maigidan yake ɗigawa a wuyan riga idan zai fita.

Sai da ta waiga ƙofar cikin gida. Wallahi sai da ta waiga. Jikinta ya riga hankalinta, har ta yunƙura za ta tashi ta ɗebo masa ruwa, don haka yake shigowa da yamma yana kaɗe hula yana cewa maƙogwaronsa ya bushe.

Wanda bai taɓa rasa nasa ba ba zai gane wannan ba. Hoto kana iya kifa shi. Murya kana iya toshe kunne. Hanci kuwa ba shi da marfi.

"Kin ji ko?" in ji Madam, tana murna ganin tsohuwar ta yi shiru. "Duk wanda ya shaƙa sai ya tsaya. Mun ce ƙamshin ruwan farko ne a kan tsohon birni."

Inna ta miƙe, ta bi ta ƙarƙashin bakan ta shige ciki.

Akwatin ƙarfen yana ƙarƙashin gado inda yake. A cikinsa take ajiye rigar aikinsa ta ƙarshe, wadda ya tuɓe ya rataya a ƙusa ranar da ciwon ya kayar da shi. Ba ta wanke ta ba. Ta naɗe ta a leda biyu. Sau ɗaya take buɗewa a wata, ta shaƙa sau biyu ta rufe, tana tattalinta kamar gishirin mara shi.

Ledojin suna nan, an ninke su tsaf. Rigar ce babu.

Ta dawo shago da ledojin a hannu ta ajiye su a kan tebur, kusa da jakar.

"Auta."

Auta ta riga ta durƙusa.

"Ina rigar ubanki?"

"Inna, ki tsaya ki ji..."

"Ina tsaye. Ina rigar?"

"Na buɗe na shaƙa, na ji ƙamshin ya kusa ƙarewa." Hawaye ya ɓalle mata. "Tsoro na ji, Inna. Na ce in ya ƙare shi ke nan, Baba ya tafi gaba ɗaya. Sai na kai wa mai haɗa mana turare, na roƙe shi ya haɗa min kwalba ɗaya tak, in kawo miki. Wallahi don ke na yi. Madam ta shigo ɗakin ta ji, ta ce..."

"Na ce hazaƙa ce," Madam ta karɓe, amma muryarta ta ragu. "Ban san daga riga ba ne. Wannan ban sani ba."

Inna ko kallonta ba ta yi ba.

"Ban tambaye ki dalili ba. Rigar nake tambaya. Je ki karɓo min."

Auta ta sunkuyar da kai har goshinta ya kusa taɓa ƙafar teburin.

"Sun yayyanka ta. Ƙanana-ƙanana. Haka ake yi, sai an jiƙa kowane yanki a kwalba kafin a gane abin da ke ciki."

"Aljihun fa? Na hagun. Ni na yi masa faci."

"Duka, Inna."

Inna ta dafa teburin da hannu biyu. Ba ta yi kuka ba. Kukan ya zo har wuya, ta mayar da shi, don ta rantse a ranta matar nan ba za ta ga hawayenta ta je ta zuba shi a kwalba shi ma ba.

"To," ta ce. "Kun ɗauki ƙofarsa kun ce gada. Kun ɗauki guminsa kun ce ruwan sama. Saura me? Kabarin za ku ce lambu ne?"

"Mama, na ba ki haƙuri a kan rigar."

"Riƙe haƙurinki, zai yi miki amfani ranar Asabar. Kati biyu ne yanzu. Na jaka da na turare. Sunansa a kan kowanne, ko kuwa ki kwashe majinyatanki ki ba ni wuri."

Fuskar Madam ta sauya. Ta mayar da kwalbar cikin kwali a hankali, ta sake sa hannu a jaka. Wannan karon takarda ta fito da ita, ta shimfiɗa a kan teburin ta danne da yatsa.

"Ban so mu kai nan ba. Kin ga wannan? Sa hannun 'yarki ne. Ta rubuta cewa zanen jakar nata ne, daga kanta ya fito, ba ta ɗauko na kowa ba. Ranar da na sa sunan mijinki a kati, na shaida wa duniya takardar nan ƙarya ce. Ba ni kaɗai ke da kamfanin ba, Mama. Abokan kasuwancina za su kai ta kotu, aikin ya tafi, kuma babu kamfanin da zai sake ba ta ko fensir ta riƙe."

Ta ɗan dakata.

"Wanda ya tafi ya tafi, Allah ya ji ƙansa. Wannan tana da rai. Ki zaɓa."

Inna ta dubi takardar. Ba ta iya karanta dogon rubutun boko, amma ta san hannun Auta. Ita ta riƙa zaunar da ita a wannan teburin tana koyon rubuta sunanta a bayan guntayen fata.

A karo na farko tun shigowar Madam, ba ta da amsa.

Madam ta gani. Mai kasuwa ba ya ganin ƙofa a buɗe ya tsaya sallama. Ta juya kan Auta.

"Ke ma ai a shagon nan kika girma. Kada ki ce min ba ki san yadda take yi ba."

Auta ta kawar da kai.

"Da ke nake. Kin sani ko ba ki sani ba?"

Ta sani. Tun tana shekara tara take riƙe wa uwarta allura ta biyu. Wata shida tana kallon injin yana ja daga dama zuwa hagu, tana kallon jakunkunan suna kwanciya, ba ta buɗe baki ba. Ita kanta ba ta san me ya riƙe ta ba.

"Tashi ki zauna ki ɗinka min ɗaya yanzu," in ji Madam. "In kin yi, takardar nan ta koma inda ta fito, kuma ba wanda zai sake damun Mama."

Auta ta ɗago ta dubi uwarta.

Inna ta matsa daga gaban kujerarta, kujerar da ba wanda ya taɓa zama a kai sai ita. Ta tura ta da ƙafa.

"Zauna."

"Inna..."

"Zauna na ce. Ba zan hana ki cin abincinki ba. Amma in za ki yi, ki yi shi daidai. Ubanki bai bar karkataccen aiki a duniya ba, ba kuma za a fara daga kanki ba."

Auta ta miƙe tana share fuska da bayan hannu. Ta zauna. Ta jawo jakar gabanta, ta shafa bakan da ya langaɓe. Madam ta yi maza ta fito da waya, ta saita ta daidai kan hannuwan yarinyar.

"Yi a hankali yadda zai fito sosai."

Auta ta miƙa hannu cikin gwangwanin kayan aiki. Ta wuce allurai. Ta ɗauko basilla, mai kaurin nan da ake huda fatar shanu da ita.

Ta ɗaga ta.

Ta caka ta a tsakiyar sa hannun da ta yi wa Madam, ta ratsa takardar ta nutse cikin katakon tebur. Ƙotar ta tsaya tana rawa.

"Ya fito sosai?" ta ce.

Madam ta sauke wayar a hankali.

"Kin san abin da kika yi kuwa? Kina tsammanin ita kaɗai ce? Ta ainihin tana wurin lauya."

"Na sani. Ki ce ya kawo ta ita ma." Auta ba ta sunkuyar da kai ba. "Ƙarya na rubuta, Madam. Ba zanena ba ne. Na babana ne da innata. Ko a gaban alƙali haka zan faɗa."

Ta cire katin aikin daga wuyanta, ta buɗe bakin jakar da ta kwanta, ta jefa shi ciki.

Madam ta miƙe tsaye har kujerar ta faɗi. Ta fizgi jakar, ta ja takardar, takardar ta yage ta bar rabinta a jikin basilla.

"Za ku ji daga gare ni kafin rana ta faɗi. Ku biyun."

Har ta kai bakin ƙofa, Inna ta yi magana.

"Baiwar Allah. Bikin naki, ƙarfe nawa ne?"

Madam ta waigo.

"Ba a gayyace ki ba, Mama. Kuma akwai masu gadi."

"Ban tambaye ki gayyata ba. Ƙarfe nawa na ce."



"Ƙarfe huɗu, Inna," in ji Auta.

Inna ta miƙa hannu saman kanta ta sauko da fatar da ta fi kowace kyau a shagon, wadda ta ɓoye shekara biyu ta hana kowa. Ta shimfiɗa ta a tebur, ta tsoma yatsu a kwanon ruwa ta yayyafa mata. Ta zaro allura ta riƙe, ta zaro wata ta miƙa wa Auta ba tare da ta dube ta ba.

"Maganar riga ba ta mutu ba, ni da ke. Amma kwana huɗu gare mu mu kai musu jakar da ke tsayuwa. Matso da kujerar."

Sannan ta ɗago ta dubi Madam, wadda har yanzu take tsaye a bakin ƙofa, wayarta a hannu, idonta a kan fatar.

"Ke kuma ja mana ƙofar in kin fita. Abin da za mu yi yanzu ba na idonki ba ne."